Yadda Ake Tantance Gicciyen Ƙarfe na Jamus: Zamaninsa, Maƙerinsa da Jabunsa

Cikin lambobin yabon soja da Jamus ta taɓa bugawa, Gicciyen Ƙarfe yana cikin waɗanda suka fi yawo a hannun masu tara kayan tarihi, kuma yana cikin waɗanda 'yan damfara suka fi kwaikwaya. Jamusawa suna kiransa Eisernes Kreuz, dillalai kuwa sukan taƙaita su rubuta EK1 ga mai daraja ta ɗaya, EK2 ga mai daraja ta biyu, kuma da waɗannan haruffa za ka riƙa cin karo da shi a kasidun gwanjo. Wanda ya iya karanta wannan lamba ya samu hanyar karanta sauran, domin kamfanonin da suka ƙera ta su ne suka ƙera yawancin 'yan uwanta. Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko shi ne, tambarin maƙeri da sabon shiga yake fara nema shi ne abu mafi sauƙin ƙirƙira a jikin lambar, saboda haka sai an gama da jikin ƙarfen sannan ake sauraron abin da tambarin yake faɗa.

Kafin ka ɗauki lambar a hannu, ka tanadi kayan aiki kaɗan: gilashin ƙara girma mai ninki 10 irin na masu gyaran agogo, ƙaramin maganaɗisu, ma'auni mai nuna milimita, sikelin da ke auna giram irin na masu sayar da gwal, da fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardun kuɗi da ita. A yi aikin kusa da taga, cikin hasken rana, domin hasken kwan lantarki yakan ɓoye bambancin launin fenti da na azurfa.

Mataki na farko shi ne sanin zamani. Sarkin Furusiya, ɗaya daga cikin masarautun Jamus na da, Friedrich Wilhelm III, shi ne ya kafa lambar a birnin Breslau ranar 10 ga Maris 1813, lokacin yaƙi da Napoleon, kuma mai zanen gine-gine Karl Friedrich Schinkel ne ya daidaita siffarta. Ba a bayar da ita sai lokacin babban yaƙi, shi ya sa aka sake farfaɗo da ita sau uku: ranar 19 ga Yuli 1870 don yaƙi da Faransa, ranar 5 ga Agusta 1914, da kuma ranar 1 ga Satumba 1939. Gicciyen 1813 fuska ɗaya baƙa ce ba rubutu, ɗaya fuskar kuma tana ɗauke da kambi, haruffan FW, ganyen itacen ok guda uku da shekarar 1813. Na 1870 da na 1914 suna da kambi a sama, harafin W a tsakiya, da shekarar a ƙasa, bayan EK2 ɗinsu kuma ya riƙe tsohon zanen 1813 ɗin. Wannan ne yake ruɗar mutane da yawa, su ga 1813 a baya su ɗauka sun tsinci kayan zamanin Napoleon, alhali shekarar da ke gaba ita ce ta lambar. Na 1939 yana da alamar Nazi a tsakiya da shekarar a ƙasa, bayan EK2 ɗinsa babu komai sai 1813. Akwai kuma na 1957, wanda dokar Jamus ta Yamma ta ranar 26 ga Yuli 1957 ta ba tsoffin sojoji damar sawa, inda ganyen ok ya maye gurbin alamar Nazi ko da yake shekarar 1939 tana nan a ƙasa.

Sanin zamani yana gaya maka yawan shakkar da ya kamata ka shigo da ita. A yaƙin 1914 zuwa 1918 an bayar da mai daraja ta biyu fiye da miliyan 5, mai daraja ta ɗaya kuma wajen 218,000, don haka samun EK2 na 1914 na gaske ba abin mamaki ba ne. Na 1870 kuwa mai daraja ta ɗaya bai wuce 1,300 da 'yan kai ba, Gicciyen Jarumai na 1939, wato Ritterkreuz da ake ratayawa a wuya, mutane wajen 7,300 ne suka same shi. Duk wanda ya kawo maka ɗaya daga cikin waɗannan biyu a farashi mai sauƙi, ka fara da zaton jabu ne har sai ƙarfen ya nuna akasin haka.

Daga nan sai ƙira, kuma nan ne ya kamata a ɓata mafi yawan lokaci. Gicciye na asali guntu uku ne: ƙarfen ciki baƙi, da firam biyu, na gaba da na baya, waɗanda aka rufe shi a tsakaninsu aka liƙe bakinsu da wuta. Ka juya lambar ta gefe ka sa gilashi, ya kamata ka ga siririn layi yana bin bakin firam ɗin daga wannan kusurwa zuwa waccan, wani wuri ya bayyana, wani wuri goga da shekaru sun kusa shafe shi. Layin liƙi lafe yake ko ɗan shiga ciki. Idan ka ga layin ya taso kamar tudu, wannan alamar mazubi ce, wato an narka ƙarfe an zuba shi a tsakanin ɓari biyu, kuma aikin jabu ne. Wasu masu kwaikwayo sukan ja layin ƙarya da wuƙa a gefen gicciyen da aka zuba guntu ɗaya, amma irin wannan layi zurfinsa ɗaya ne ko'ina, kuma yakan kauce a kusurwa. Sai ka koma inda ƙarfen ciki ya shiga ƙarƙashin firam. Akwai ɗan rata a wurin, har a wasu lambobin bakin siririyar takarda yakan shiga, a wasu kuma idan ka girgiza a kusa da kunne za ka ji cikin yana motsi. Rashin motsin ba laifi ba ne, amma samunsa shaida ce mai kyau cewa guntayen daban suke.

Fenti ma yana da abin faɗa. Ana yi wa ƙarfen ciki baƙi kafin a rufe shi da firam, saboda haka bai kamata baƙin fenti ya hau kan firam ba. Idan ka ga ya malala cikin tsagin adon baki, ko dai an sake fentin daga baya, wanda yake rage daraja, ko kuma gicciyen guntu ɗaya ne aka shafa masa baƙi a tsakiya. Tsatsar gaske daga ƙarƙashin fenti take tasowa, tana ɗaga shi tana fasa shi, ta fi yawa a inda danshi yake maƙalewa kusa da firam. Tsatsar da aka jawo da sinadari kuwa launinta ja ne mai haske, ta bazu daidai ko'ina, kuma tana fita a yatsa.

Maganaɗisu yana taimakawa amma ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Yawancin na asali cikinsu baƙin ƙarfe ne, don haka maganaɗisu yana kama tsakiya, ba ya kama firam. Sai dai an yi na gaske masu cikin tagulla ko zinki, musamman waɗanda aka ƙera tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu da wasu na farkon yaƙin 1939, kuma masu jabu na yau sun daɗe da koyon sa ƙarfe a ciki. Firam na zamanin sarakuna galibi azurfa ce, wani lokaci da lambar 800 da ke nuna kashi 800 cikin 1,000 azurfa ne. Na 1939 kuwa gaurayen jan ƙarfe, nikel da zinki ne wanda Jamusawa ke kira Neusilber, aka shafa masa azurfa a sama, in ban da Gicciyen Jarumai da aka yi wa firam na azurfa ta gaske. Game da awo, na 1914 faɗinsa wajen milimita 42 ne, na 1939 wajen 44, Gicciyen Jarumai wajen 48. Jabun da aka zuba daga jikin na gaske yakan fito ɗan ƙarami, domin ƙarfe yana tsukewa idan ya huce, kuma bambancin rabin milimita ko milimita ɗaya da samfurin kamfanin da ake da'awa dalili ne na tsayawa a sake dubawa.

Sai adon bakin firam, wato jerin ƙananan tsage-tsagen da suka kewaye baƙin ƙarfen, wanda a ganina shi ne shaida mafi ƙarfi a jikin lambar. Injin bugu ne ya fitar da shi daga ƙarfen zane mai tauri da kowane kamfani ya sassaƙa wa kansa, don haka kowane tsagi yana da kaifi da tsabta, kuma a kusurwoyi huɗu na ciki, inda hannuwan gicciyen suka haɗu, kowane kamfani yana da yadda tsage-tsagensa suke karo da juna. A wani sun haɗu sun yi siffar ƙaramin gicciye, a wani sun zagaye kusurwar a hankali. Idan ƙarfen zanen ya tsufa yakan tsage, tsagewar kuma ta riƙa fitowa a jikin duk firam ɗin da aka buga da shi daga ranar, a wuri ɗaya, da siffa ɗaya. Masu tarawa sun rubuta waɗannan tabo ɗaya bayan ɗaya, kuma da su ake gane kamfanin da ya yi gicciyen da ba shi da tambari ko kaɗan, kamar yadda mai kiwo yake gane saniyarsa da tabon jikinta ko da an sauya mata igiya. Gicciyen Jarumai na kamfanin Steinhauer & Lück misali ne sananne, domin an raba shi gida biyu bisa tabon da ke hannunsa na dama, kuma da wannan tabo ake muhawarar wanda aka yi lokacin yaƙi da wanda aka yi bayansa. A jabun zubi tsage-tsagen sun dusashe, wasu sun manne da juna, kuma gilashi yana nuna ƙananan ramuka inda iska ta maƙale a narkakken ƙarfe.

Haka za ka bi kambi, harafin W da lambobin shekara. Ka dubi tsayin 1, lanƙwasar 9, buɗewar 4, ko saman 3 a miƙe yake ko a zagaye. A gicciyen 1870 ka duba kewayen shekarar da kyau, domin akwai masu ɗaukar na 1914 mai araha su goge shekararsa su ɗora 1870, kuma wurin yakan ɗan lotsa ko fentinsa ya bambanta da na sauran hannuwa. Irin wannan ha'inci ne ake yi wa EK2 na 1939, a cire ƙaramin zobensa a liƙa masa madauki a ce Gicciyen Jarumai ne, amma ma'auni yana tona asirin nan take tunda milimita 44 ba ta zama 48.

Bayan duk wannan ne ake zuwa ga tambari. A EK2 yana kan babban zoben da ribon, wato ƙyallen da ake rataya lambar da shi, yake ratsawa, a EK1 kuma yana baya ko a jikin allurar maƙalawa. A zamanin sarakuna haruffa ake bugawa: S-W na Sy & Wagner, G na Godet, WS na Wagner & Sohn, FR na Friedländer, dukkansu a Balin, sai CD 800 da ake dangantawa da Carl Dillenius na Pforzheim. Tambarin KO yana cikin waɗanda aka fi gani, masana kuma sun sha bamban kan wanda ya mallake shi. A zamanin 1939 tsari biyu ne. Lambobin da gwamnati ta saya don bai wa sojoji suna ɗauke da lambar da ofishin fadar shugaban ƙasa, Präsidialkanzlei, ya ba kamfanin, waɗanda ake sayarwa a shago ga sojan da yake son na biyu kuma suna ɗauke da harafin L da wata lamba ta ƙungiyar maƙeran lambobi da ake kira LDO, wadda tsarinta ya fara aiki a 1941. Kamfani ɗaya yakan riƙe lambobi biyu ke nan: C.E. Juncker na Balin 2 da L/12, Wilhelm Deumer na Lüdenscheid 3 da L/11, Steinhauer & Lück na wannan gari 4 da L/16, Paul Meybauer 7 da L/13, C.F. Zimmermann na Pforzheim 20 da L/52, Rudolf Souval na Biyana 98 da L/58. Lamba 65 ta Klein & Quenzer ce a Idar-Oberstein, 100 kuma ta Wächtler & Lange a Mittweida. Jerin gwamnatin bai kai 200 ba, don haka gicciye mai lamba 333 da ke yawo a kasuwa ba ya buƙatar dogon bincike.

Aikinka a nan shi ne haɗa tambari da jiki. Idan zobe ya ce 65, sai ka nemi hotuna masu kyau na gicciyen Klein & Quenzer da aka tabbatar, ka ajiye su kusa da naka, ka kwatanta kusurwa da kusurwa, lamba da lamba. Idan firam da ciki ba su dace ba, tambarin bai wanke lambar ba, ya ma ƙara mata laifi. Ka sa gilashi a cikin ramin tambarin kansa: idan cikinsa yana walƙiya alhali sauran zoben ya yi duhun shekaru, sabon bugu ne. Ka duba mahaɗin zoben ko an buɗe shi an sake liƙewa, domin akwai masu cire zoben gaske daga lalataccen gicciye su sa wa jabu. A ɗaya ɓangaren kuma, rashin tambari ba aibi ba ne, tunda ɗimbin na gaske, musamman na farkon yaƙi, ba a buga musu komai ba. Kamfanoni ma sun riƙa sayen firam ko ciki daga junansu, amma irin waɗannan haɗe-haɗe sanannu ne a wurin masu bincike, kuma ba hujja ba ce da dillali zai fake da ita duk lokacin da kayansa suka ƙi dacewa.

Akwai nau'o'in da suka saɓa wa na yau da kullum kuma na gaske ne, bai kamata a yar da su da sunan jabu ba. Hafsoshi sukan sayi EK1 mai ɗan kumburi a tsakiya maimakon shimfiɗaɗɗe, ko mai faifan murɗawa a baya maimakon allura don kada ya faɗi daga riga. Akwai ƙanana da ake kira Prinzengröße. A farkon yaƙin 1939 wasu kamfanoni sun yi amfani da tsoffin firam masu siraran hannuwa irin na 1914, masu tarawa suna kiransu siffar Schinkel. A 1895 an ƙara wa masu EK2 na 1870 ganyen ok na azurfa mai lamba 25, a 1939 kuma waɗanda suka riga suka sami na 1914 kuma suka sake cancanta an ba su ƙaramar alama mai gaggafa maimakon sabon gicciye. Abin da ya fi wahalar rarrabewa shi ne kayan da kamfanin asali ya yi bayan lokacinsu. An ci gaba da ƙera na 1870 da na 1914 shekaru da yawa don tsoffin sojojin da nasu ya ɓace, Souval kuma ya ci gaba da buga kayan zamanin Nazi bayan 1945 yana sayar wa masu neman abin tunawa. Waɗannan sun fito daga injin gaske, amma ba su taɓa zuwa fagen yaƙi ba, kuma farashinsu bai kamata ya kusanci na lokacin yaƙi ba. Ana gane su ne ta bayansu, wato siffar allura, mahaɗinta da ƙugiyar da take shiga, da kuma raunin gamawar aikin.

Ribon da takardu su ne na kusa da ƙarshe. Na 1813, 1870 da 1914 baƙi ne mai fararen layuka biyu ga mayaƙa, fari mai baƙaƙen layuka ga waɗanda suka yi hidima ba a fagen daga ba, na 1939 kuma ja ne a tsakiya, sai fari, sai baƙi a baki. Ka haska fitilar duba kuɗi a kan farin: idan ya yi ƙyalli mai shuɗi sosai, akwai sinadarin ƙara haske da ya yaɗu a masaƙu bayan yaƙi, ko da yake tsohon ribon da aka wanke da garin sabulu na zamani shi ma yakan yi haka. Sabon ribon a jikin tsohon gicciye ba ya mayar da gicciyen jabu, tsohon ribon kuma ba ya halatta shi. Gicciyen Ƙarfe ba a rubuta masa sunan mai shi ko lambar jeri, saɓanin lambobin Ingila na Yaƙin Duniya na Farko da ake buga sunan soja a bakinsu, saboda haka babu abin da ke ɗaure gicciye da wani mutum sai takardar shaidar bayarwa da littafin soja, Militärpass ko Soldbuch. A takardar ka duba ko rundunar da aka ambata tana wurin a wannan rana, ko hafsan da ya sa hannu shi ne kwamanda a lokacin, ko hatimin ya dace da rundunar. Sunan da aka zana a bayan EK1 kuwa a yi hattara da shi, domin zana sunan sanannen matuƙin jirgin yaƙi a bayan gicciye na gaske hanya ce ta ninka farashi.

Wannan jerin matakai yana aiki a kan sauran lambobin. Pour le Mérite, babbar lambar yabon hafsoshi wadda Sarkin Furusiya Friedrich II ya kafa a 1740, sau 687 kawai aka bayar da ita a Yaƙin Duniya na Farko, kamfanonin Wagner da Friedländer ne suka ƙera na bayarwa, kuma daga ƙarshen 1916 aka koma azurfa mai ruwan gwal maimakon gwal, don haka kusan duk wadda ka gani a kasuwar bayan fage kwaikwayo ce. Gicciyen girmamawa na 1934 da ake kira na Hindenburg kuwa yana da yawa da araha, kuma yana da kyau ga mai koyon karanta tambura. Ga mutanen Kamaru da Togo akwai wata lamba da ta fi kusa da gida. Hausawa sun yi aikin soja da na ɗan sanda a ƙarƙashin Jamusawa a ƙasashen biyu, kuma abin da aka saba bai wa sojojin Afirka shi ne Kriegerverdienstmedaille, wato lambar yabon mayaƙa, ba Gicciyen Ƙarfe ba, sai kuma lambar mulkin mallaka ta 1912 mai ƙananan sanduna da ke ɗauke da sunan yanki da shekarar yaƙi. Iyalin da suka gaji irin wannan su adana ta tare da duk takarda ko hoton da ya zo da ita, domin tarihin wanda ya sa ta ya fi ƙarfen wuyar samu.

Kada ka goge lambar da man goge ƙarfe ko toka, kada ka sake mata fenti, domin duhun da azurfa ta yi da ragowar farin shafen da ke cikin tsage-tsagen firam suna cikin shaidun da mai tantancewa yake nema. A ajiye ta a busasshen wuri, nesa da danshin damina, musamman idan akwai zinki a jikinta, domin yana yin furfura ya ruɓe. Game da na 1939, alamar da ke tsakiyarsa ta gwamnatin da ta hallaka miliyoyin mutane ce, kuma sashe na 86a na dokar laifuka ta Jamus ya hana nuna ta a fili ko yaɗa ta, in ban da don ilimi, bincike da makamantansu, Ostiriya da Faransa ma suna da nasu dokokin, saboda haka ka san dokar ƙasar da kayan za su fito da wadda za su shiga kafin ka biya. Idan ta intanet za ka saya, ka nemi hoton gaba, na baya, na gefe da na zobe, kowanne a kusa kuma cikin hasken rana, sannan ka sa mai sayarwa ya rubuta maka cewa zai karɓi kayansa ya mayar da kuɗinka idan wani masani mai zaman kansa ya tabbatar ba na lokacin ba ne.